Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kallon Hoton Madam Moitessier

Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan zane ɗaya suka taru, wato hoton wata Bafaranshiya mai suna Inès Moitessier, wanda Jean-Auguste-Dominique Ingres ya kammala a 1856. Sunan mai zanen da Faransanci ana furta shi kamar "Angir", ba a faɗin harafin ƙarshe. Zanen na fentin mai ne a kan yadi, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 92, kuma yana rataye a gidan zane na National Gallery da ke Landan tun 1936.

Daga wani mai karatu a Kano: Na ga hoton matar nan a waya, tana zaune ta dafa gefen fuska da yatsa, sanye da riga mai furanni. Kyakkyawa ce, amma ban ga abin da ya fi hoton kyamara ba. Me ake kallo ne da har mutane ke tsayawa a gabansa?

Malam, tambayarka ta fi ƙarfin yadda ka zata, domin su kansu mutanen Paris sun yi ta. An bayyana fasahar ɗaukar hoto a birnin tun 1839, saboda haka lokacin da aka gama wannan zane, matar na iya zuwa shagon mai hoto ta fito da kamanninta a yini guda. Ta zauna jiran mai zane ne saboda abin da take so kyamara ba ta bayarwa. Kyamara tana kwaso duk abin da ke gabanta. Shi kuwa mai zane kowane abu da ka gani a cikin firam ɗin shi ya zaɓi ya sa, kuma abin da ba ka gani ba shi ya zaɓi ya cire. Kallon zane bin sawun waɗannan zaɓe-zaɓe ne.

Farko dai, waya tana cutar zanen. Abin da ya kai tsayin yaro ɗan shekara shida ko bakwai an matse shi ya koma tafin hannu. In babu halin zuwa Landan, buɗe shi a kwamfuta daga shafin gidan zanen, inda ake iya ƙara girman kowane sashe. Ka kashe saitin dare na allon, wanda ke sa komai ya yi ruwan ɗorawa, in ba haka ba farar rigar za ta zama kamar tsohuwar takarda.

Sai ka ba shi minti goma ko sha biyar. Minti biyun farko ka ja baya, kamar mita uku in a gabansa kake, ka kanne ido har furannin rigar su ɓace. Abin da zai rage shi ne manyan siffofi: rigar ta bazu ta cika ƙasan zanen kamar tudu, kafaɗu sun zubo a hankali, kai ya zauna a sama, bayanta kuma duhu. Wannan duhun ne ya sa fatarta ke haske. Mai zane ba shi da fitila a cikin fenti, farinsa ba ya wuce farin da ke cikin gwangwani, don haka in yana son abu ya haskaka dole ya dusashe abin da ke kewaye da shi.

Daga nan ka matso ka bi layi. Fara daga yatsan da ke gefen goshi, ka gangaro ta damtse, ka ratsa kafaɗa zuwa ɗaya hannun da ke riƙe da mafici a cinya. Za ka ga idonka ya zagaya ya dawo fuska ba tare da ya yi tuntuɓe da kusurwa ba. Ingres ɗalibin mai zane Jacques-Louis David ne, kuma a wurinsa layi shi ne gaba da launi. Abokin hamayyarsa Eugène Delacroix yana bin akasin haka, yana barin sawun burushi a fili, launi na tafasa. A wurin Ingres ko ka kai hanci kusa da kumatun matar da wuya ka ga inda burushi ya bi.

Sannan ka gwada fuska da riga. A nan ne zanen ya fi daɗi. Rigar hayaniya ce zalla: jajayen furanni, shuɗi, kore, ribon mai geza, ga munduwa masu duwatsu a wuyan hannu, ga abin maƙalawa a ƙirji, ga tulun tangaran na Japan a kan tebur ta hagunka. Kowane ɗaya an zana shi har kana jin za ka iya taɓawa. Amma fuskar shiru take, babu ƙyasfi, babu tamoji, babu alamar abin da take tunani. Matar tana da shekara 35 a lokacin da aka gama zanen, amma fuskar ba ta nuna shekaru. Ya zuba duk surutun a kan kaya ya bar fuskar kamar ta dutse da aka sassaƙa. Wanda ya san yadda ake shirya amarya ranar kai ta, a cika ta da gwal da leshi amma a ce ta kame fuska, zai gane dabarar nan take.

Wata dabara da masu koyon zane ke yi: mayar da hoton baƙi da fari a waya. Launi zai tafi, sai ka ga ainihin inda haske ya fi yawa da inda ya fi ƙaranci. Ko ka juya shi ƙasa a sama, ƙwaƙwalwa ta daina ganin mace, ta fara ganin tsari.

Daga wata ma'aikaciyar jinya a Damagaram: Hannun da ta dafa fuska da shi kamar babu ƙashi a ciki, yatsun sun baje kamar an murɗa ƙullu. Kuma fuskar da ke cikin madubin bayanta ba ta dace da yadda take zaune ba. Kuskure ne?

Hajiya, idonki ya ga daidai, duka biyun haka suke. Sai dai ba kuskure ba ne. Ingres, mutumin da ya ci babbar kyautar zane ta Faransa, wadda a lokacin ake tura mai ita karatu birnin Rum, tun yana ɗan shekara 21 a 1801, ya san yawan gaɓoɓin yatsa. Gidan tarihin da ke garinsu, Montauban, yana ajiye da zane-zanensa na fensir sama da dubu huɗu, kuma a ciki akwai hannaye da aka zana da ƙashi da jijiya yadda ko likita ba zai yi gyara ba.

Salon zaman da kike gani aro ne. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garin Herculaneum a Italiya. Da aka tono garin a ƙarni na 18, an samu wani zanen bango da ke nuna wata mace mai wakiltar yankin Arcadia na Girka, tana zaune, ta ɗaga hannu zuwa gefen fuska. Wannan zane yana gidan tarihi na Naples yanzu, kuma Ingres ya shafe shekaru da dama a Italiya, ya san shi sarai. Ya ɗauko wannan zama na isa ya ɗora wa Madam Moitessier, matar wani attajiri mai banki. Da ya zana gaɓoɓi da jijiyoyi a hannun, da ya zama hannun mace mai tagumi, wadda ta gaji da zama. Da ya cire su, hannun ya koma ado, ba ya ɗauke da nauyin kai, taɓawa kawai yake yi. Rufe hannun da yatsanki ki duba fuskar, sannan ki buɗe. Za ki ga rabin ƙasaitar matar a hannun take.

Madubin ma haka. In aka bi ƙa'idar haske, madubin da ke wannan kusurwa ba zai ba ki cikakken gefen fuska kamar na kan kwabo ba. Shi dai yana son ya nuna ta ta fuska biyu a zane ɗaya, gaba da gefe, sai ya tanƙwara madubin ya bi son ransa. Ki lura kuma hoton cikin madubin dusashe ne, ba shi da ƙyallin na waje, don kada ya yi gasa da ita.

Ba nan kaɗai ya yi irin wannan ba. A hoton wata mace, Comtesse d'Haussonville, na 1845, wanda ke gidan zane na Frick Collection a New York, hannun damanta kamar daga tumbi ya fito maimakon kafaɗa. Masu suka na zamaninsa sun sha caccakarsa a kan irin wannan. Amma a namu ganin, wannan karkacewar ce ta sa zanen bai tsufa ba. Mai zane Pablo Picasso ya ga hoton Madam Moitessier a wani baje koli a Paris a 1921, kuma a 1932 ya zana wata mace riƙe da littafi a irin wannan zama, har da madubin da gefen fuska a ciki. National Gallery ta rataye su biyun kafaɗa da kafaɗa a 2022.

Daga wani tela a Kumasi: An ce shekara 12 aka yi ana zana shi. Me ya ci wannan lokaci haka? Kuma wane irin yadi ne rigar?

Maigida, kai da ka san mai kawo ɗinki ya dawo ya ce a sauya salo, za ka tausaya wa kowane ɓangare. An fara maganar aikin a 1844 ta hannun wani abokin Ingres mai suna Marcotte. Da farko ya ƙi, domin a ganinsa zanen fuskar masu kuɗi ƙaramin aiki ne in aka gwada da zanen tarihi. Da ya ga matar ido da ido sai ya amince. An tsara za a sa 'yarta Catherine a gefenta, amma yarinya ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya, aka cire ta. A 1849 matar Ingres ta rasu, ya daɗe bai iya aiki ba. Da jiran ya yi yawa, a 1851 ya zana mata wani hoton daban, tana tsaye cikin baƙar riga, wanda yanzu yake National Gallery of Art a Washington. Daga baya ya koma kan na zaunen, ya sa hannu a 1856, ya kuma rubuta shekarunsa a jiki da lambobin Rumawa, 76.

A cikin waɗannan shekaru yayi ya juya. An fara ne da riga ruwan ɗorawa, aka ƙare da wannan ta alharini mai furanni, irin saƙar birnin Lyon na Faransa. Eugénie, wadda ta auri sarkin Faransa Napoleon na Uku a 1853, ita ta ɗaga wannan yayi, kuma sa alharinin Lyon a lokacin tallafi ne ga masaƙun ƙasar. Faɗin rigar daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ba yawan yadi ne kaɗai ba, akwai abin da ake sawa a ciki mai tauri da ke buɗa ta. Buɗaɗɗen wuya da kafaɗa shi ne ɗinkin fitar dare na matan masu hali a Paris a wancan zamani.

Abin da ya kamata tela ya duba da kyau shi ne yadda furannin ke bin ninki. Inda yadin ya lanƙwashe, furen ya yanke rabi ya ɓuya, ya ɓullo a ɗaya gefen a karkace. Masu kwaikwayon zanen a nan suke faɗuwa, sukan jera furannin a miƙe kamar a kan tabarma, sai rigar ta rasa jiki a cikinta.

Daga wata ɗaliba a Kaduna: Ana biyan kuɗi kafin a gan shi?

A'a, 'yar'uwa. Shiga ɗakunan dindindin na National Gallery, a dandalin Trafalgar, kyauta ne. Sai dai zane yakan tafi aro wani gidan ko a sauya masa ɗaki, saboda haka a duba shafinsu kafin a kama hanya.

Daga wani ɗalibin zane a Zariya: Na gwada kwaikwayon fuskar da fentin mai. Fatar ta fito kamar laka, sawun burushi ko'ina, bayan wata biyu kuma fentin ya fara tsagewa. Ina matsalar?

Ɗan'uwa, matsala uku ce ka haɗa, kuma kowacce da sanadinta.

Santsi daga ƙasa yake farawa. In yadin yana da kaushi, babu burushin da zai ɓoye shi. Ka nemi yadi mai ƙananan zare, ka ja shi ya yi tsam a kan katako, ka shafa farin share fage sau uku ko huɗu, kowane shafi ya bushe ka goge shi da samfefa mai laushi, lamba 220 da farko, 400 a ƙarshe. Kada ka taɓa sa fentin mai a kan yadi tsirara, man yana cin zaren a hankali har ya ruɓe. A da ana fara shafa manne da aka dafa daga fatar dabba kafin farin, yau farin roba na kanti ya wadatar.

Kafin fenti, a gama zanen layi tsaf. Ingres yakan zana hannu ɗaya sau da yawa a takarda kafin ya mayar da shi kan yadi. In kana gyara wurin ido da fenti, ka riga ka makara, kuma daga nan laka ke farawa. Laka tana fitowa ne in an cakuɗa launuka da yawa, ko an yi ta dama ɗanyen fenti a kan ɗanye. Fatar irin wannan ba ta buƙatar fiye da huɗu: fari, ruwan ɗorawa na ƙasa, ja kaɗan, da ruwan ƙasa mai duhu ko ɗigon baƙi. Ka haɗa matakai biyar ko shida daga haske zuwa inuwa a kan faranti kafin ka taɓa yadin, ka ajiye kowanne a wurinsa, sannan ka ɗauki busasshen burushi mai laushi, wanda babu fenti a jikinsa, ka share iyakar da ke tsakaninsu a hankali. Ka riƙa goge shi da tsumma bayan kowane shafi biyu ko uku. Jan kumatu da na leɓe kuwa a ƙarshe ake sa su, bayan na ƙasa ya bushe, da fenti tsararo mai mai wanda ake hango na ƙasa ta cikinsa. Farin da Ingres ya yi aiki da shi na dalma ne, mai ɗumi, amma guba ne. Farin titaniyam na yau ya fi rufewa kuma yana sa fata ta yi kamar alli, don haka a rage shi, a ɗumama shi da ɗan ruwan ɗorawa.

Tsagewar kuwa daga karya ƙa'ida ɗaya take: shafin ƙasa ya kasance mai ƙarancin mai, na sama mai yawan mai. Fentin mai ba bushewar ruwa yake yi ba, iska yake sha ya daskare, kuma mai yawan mai ya fi jinkiri. In ka ɗora shafi marar mai a kan mai mai da bai gama daskarewa ba, na saman zai ƙage, na ƙasan na ci gaba da motsi, sai ya yage shi. A shafin farko ka sa kashi biyu na tina, wato ruwan tsinka fenti, da kashi ɗaya na man linsid, wato man da ake dama fentin mai da shi, a na tsakiya ɗaya da ɗaya, a na ƙarshe man ya fi yawa. Tsakanin shafi da shafi ka bar kwana uku zuwa mako biyu, gwargwadon kauri da launi. Kada a yi dabarar sa man gyaɗa ko manja don linsid ya yi tsada, waɗannan ba sa daskarewa, zanen zai yi ta danƙo yana kama ƙura. Banish kuma, wato ruwan ƙyallin da ake shafawa a saman zane don kare shi, sai bayan wata shida zuwa shekara.

Daga wata uwargida a Sakkwato: An kawo mini tsarabar kwafin wannan hoto a kan yadi, an ce da hannu aka zana. Yaya zan tabbatar? Kuma yaya zan adana shi?

Hajiya, ki sami gilashin ƙara girma ki duba wuri mai haske, kamar kafaɗa. In bugu ne na inji za ki ga ƙananan ɗige-ɗige na launuka, ko a jere ko a watse kamar yayyafi. Fentin hannu ba shi da ɗige. Sannan ki kashe fitilar ɗaki ki haska tocila daga gefe, ta kwanta a kan fuskar zanen. A aikin hannu tudun fenti yana bin abin da aka zana, ya yi kauri a kan duwatsun munduwa da gezar ribon. Wasu masu bugu suna shafa wani abu mai kama da manne a sama don ya yi kamar sawun burushi, amma za ki ga sawun yana ratsa fuska da riga da bango ba ruwansa da siffa. Ki duba gefen yadin ma, bugu yakan yanke a miƙe kamar da reza. Ko da na hannu ne, kwafi ne, na asalin ɗaya ne kuma yana Landan, sai dai kwafin hannu mai kyau yana da darajarsa.

Gidajen zane suna riƙe ɗakunansu a wajen digiri 20 na zafi, da danshin iska kusan kashi 50 cikin ɗari. A Sakkwato hunturu yana busar da iska ƙwarai, damina ta dawo da danshi, kuma wannan hawa da sauka shi ne babban abokin gaba. Yadi da katako suna kumbura su motse, busasshen fenti ba ya iya binsu, sai ya tsage. Ba za ki mayar da falo gidan tarihi ba, amma za ki iya rataye shi a bangon ciki, wanda rana ba ta dukan bayansa, nesa da taga, nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki, nesa da kicin. Hayaƙin turaren wuta ma yana kwanciya a kan banish ya mayar da shi ruwan ƙasa, don haka a nisanta kasko. In bugu ne, hasken rana kai tsaye zai kashe launinsa, ja da ruwan hoda su kan riga tafiya.

A sa kwali mai kauri a rufe bayan firam ɗin saboda ƙura da ƙwari. In za a sa gilashi, a bar tazarar rabin santimita tsakaninsa da zanen, kada su haɗu. Ƙura kuma da busasshen burushi mai laushi ake kaɗe ta, daga sama zuwa ƙasa, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba, ba da sabulu ko kananzir ba. In kin ga fenti ya fara ɗagowa kamar ɓawo, kada ki kaɗe ko kaɗan, ki sauke zanen ki kwantar da shi fuska sama har a sami wanda ya iya gyara.